Taku Uku da Baya

Shekara ashirin da bakwai Baba Direba yana tuƙa Likita, kuma a duk shekarun nan babu Disambar da ta wuce bai kai iyalin filin jirgi ba. Asibitin Likita yakan rage aiki a hutun Kirsimeti, yara suna gida, sai a tattara a tafi ƙasar waje shan iska. Aikin Baba Direba a ranar tafiya ba ya canzawa. Zai sauke jakunkuna daga but ɗin mota, ya jera su, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dafa kowace da tafin hannu yana ƙirgawa. In sun cika, sai ya ja da baya taku uku, ya cire hula, ya ɗaga hannun dama. Madam ta kaɗa masa 'yan yatsu biyu. Babbar 'yarsu, wadda ake kira Lauya tun kafin ta zama lauyar, ta yi murmushi. Auta ya sara masa kamar soja. Likita kuwa ya gyaɗa kai, rabin hankalinsa na kan waya. Hannun nan ba ya sauka sai sun ɓace. Daga nan ya koma gida ya wanke mota, ya lulluɓe ta, ya jira ranar dawowa.

Bana sai ga wani abu sabo. Likita ya kira shi falo, ba bakin ƙofa ba, har ya nuna masa kujera. Baba Direba ya ɗosana a gefenta, hula a gwiwa, yana tunanin ko sallama ce ta zo.

"Baba, bana da kai za mu tafi," in ji Likita. "Kuma ba a matsayin direba ba. Kai ɗan gida ne, ka ji? Hutu za ka yi kamar kowa."

Ya zayyana masa tsarin tafiyar. Za su sauka a jirgin sama, su ɗauki motar haya, su yi kwana huɗu suna zaga garuruwa. Daga nan su ajiye motar a wata tasha, su hau jirgin ƙasa zuwa wani gari a cikin duwatsu, su yi Kirsimeti a can, su dawo. Motar ma Likita ya ce shi zai ja da hannunsa, wai ya daɗe bai motsa jini ba.

Baba Direba ya isa gida baki har kunne. Matarsa, wadda yake kira Uwar Yara, tana kan keken ɗinki, ta saurare shi har ya kai ƙarshe ba ta ɗaga ƙafa daga feda ba. Da ya gama sai ta tsinke zare da haƙori.

"Tayar safaya ma tana zuwa duk inda mota ta je," in ji ta. "Ban taɓa jin ta dawo ta ce ta yi hutu ba."

Maganar ta ƙona masa rai ƙwarai. Ya ce da ita bakinta ba ya taɓa faɗin alheri, ya tuna mata cewa shi ya ɗauko Lauya daga asibiti tana jaririya, yana tafiya a hankali har masu keke suna wuce shi, shi ya koya wa Auta tuƙi, kuma ranar da mahaifiyar Likita ta rasu, a motarsa Likita ya yi kukan da bai yi a gaban kowa ba. Uwar Yara ta ce duk ta sani, ai ita ta riƙa ɗumama abincin da ya huce a waɗannan ranakun. Amma dai mace ce mai zafin baki da sanyin zuciya. Kwana biyu ta yi tana saka wa tsohuwar kwat ɗinsa shafi mai kauri, ta sayo masa safar hannu, sannan ta ce abu ɗaya take so: hotonsa a zaune a jirgin ƙasa, kusa da taga, wani ne yake tuƙi.

Direbobin da suke zaman jira tare a harabar asibiti sun sa masa suna Ɗan Yawon Buɗe Ido. Ya yi kamar abin bai yi masa daɗi ba, alhali har ransa ya ji daɗi.

Wurin da ya fara shan jinin jikinsa shi ne ranar karɓar fasfo. Lauya ta biya da shi wani ofis daban, aka ƙara ɗaukarsa hoto, aka ba shi wani ɗan littafi. Ya tambaya, ta ce lasisin tuƙi ne na ƙasar waje, don ko-ta-kwana kawai. Ya juya littafin a hannu, ya ji muryar Uwar Yara a kunnensa, ya soka shi can ƙasan jaka bai gaya mata ba. A jirgin sama kuma kujerarsa tana can baya kusa da banɗaki, su huɗun suna gaba bayan labule. Wannan ma ya yi musu uzuri. Ya ce a ransa jirgin sama daban yake, kuma ma tsoro bai bar shi ya lura da inda yake zaune ba.

Suka sauka cikin sanyin da bai taɓa sanin Allah ya halicci irinsa ba. Aka ba su motar haya, doguwa, mai kujera bakwai. Likita ya shiga gaba yana murza hannuwa, Baba Direba ya zauna can baya tare da jakunkuna, ya rasa inda zai ajiye ƙafarsa ta dama, sai taka birkin da babu yake yi. Kai, tuƙin Likita sai wanda ya gani. Shataletale ɗaya sau uku suka zaga shi. Ya kunna abin goge gilashi yana nufin sigina. Wata babbar mota ta danna musu hon har Madam ta ambaci sunan Allah da ƙarfi. Minti arba'in cif aka yi ana wannan wahalar, sai Likita ya ratse gidan mai, ya fito yana dafe da ƙugu.

"Baba, ɗan karɓe ni kaɗan, bayana ya riƙe."

Bayan Likitan nan kwana huɗu ya yi a riƙe.

To, ƙasa dai kyakkyawa ce, ba za a ƙi faɗin gaskiya ba. Tituna sumul, an rataya fitilu daga wannan gini zuwa wancan, kowace taga da 'yar bishiyarta mai ƙyalli, kasuwanni cike da mutane sun dunƙule cikin riguna suna shan abu mai tururi. Sai dai garuruwan nan tsofaffi ne, ba a gina su don mota ba. Duk inda aka ce ga abin kallo, babu wurin tsayawa. Sai ya sauke su a bakin dandali, Madam ta ce minti goma kawai, shi kuma ya yi ta zagaye har awa biyu, ko ya gangara ƙarƙashin ƙasa inda ake ajiye motoci. Wani tsohon gini mai hasumiya da Lauya ta ce mutane daga ko'ina a duniya suke zuwa gani, a madubin gefe ya gan shi, rabinsa ma. Da za a tambaye shi labarin garuruwan nan huɗu, zai iya faɗin hawa nawa ne a gidan ajiye motocin kowanne, da inda na'urar ba da kati take, da wadda take cin katin ta ƙi fitar da shi.

Abin da ya fi cin ransa shi ne, mutanen nan ba mugaye ba ne. Da mugaye ne da ya san inda zai ajiye zuciyarsa. Lauya ta saya masa mayafin wuya ja, ta naɗa masa da hannunta. A gidan abinci da kujerarsa ake kama tebur, har Likita yana gabatar da shi ga mai kawo abinci da cewa yayansa ne. Amma kafin miya ta iso, sai wani ya tuna lokacin ajiye mota ya kusa ƙarewa, duk su juyo su kalle shi, ba da umarni ba, kallo kawai. Shi kuma ƙafafunsa sun riga sun miƙe. In ya dawo an kwashe kwanuka, Madam ta miƙo masa nasa a ƙunshe tana cewa Allah sarki Baba, ya huce.

Kowane dare Uwar Yara tana kira, yana ce mata lafiya lau, hutu sai godiya. Ta ce tana jin ƙarar sigina. Ya ce Likita ne yake tuƙi.

Abu ɗaya ne ya riƙe shi, shi ne takardar da ke aljihun ƙirjinsa. Tikitin su huɗu yana cikin wayar Lauya, amma shi da ya ce bai yarda da abin da ba ya iya taɓawa ba, sai ta sa aka buga masa nasa a otal. Ga sunansa a jiki, tarago na shida, kujera ta arba'in da ɗaya, gefen taga. Ta nuna masa zanen taragon: su huɗu a tebur ɗaya, shi a tsallaken hanya daidai da su, kujera iri ɗaya, babu labule. Duk lokacin da ya tsaya a danja sai ya dafa aljihun. A jirgin ƙasa babu wanda bayansa zai riƙe. Wani bawan Allah ne can gaba zai tuƙa, shi da Likita duk fasinjoji. Har ya tsara yadda zai yi. Zai cire kwat, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya sa a kawo masa shayi, Auta ya ɗauke shi hoton da Uwar Yara take so. Sannan ya yi barci. Shekara arba'in rabon da ya rufe ido a cikin abin da yake tafiya a ƙasa, kuma wannan barcin yake kwaɗayi fiye da duwatsun da ake ta zuzutawa.

Ranar jajibirin Kirsimeti suka isa tashar da rana tsaka. Ya ajiye motar a filin tasha, ya zaga ta sau ɗaya yana duba tayoyi, ya jefa makulli a aljihu. Jirginsu na ƙarfe biyu da minti goma ne, kuma shi ne na ƙarshe zuwa duwatsu, daga shi sai bayan hutu. Dandamalin ya cika maƙil, kowa da kaya a naɗe cikin takarda mai launi, ga karnuka, ga kekunan jarirai. Lauya ta ce jirgin minti uku kacal yake tsayawa, kuma mutanen nan ba sa jiran ko uban waye. Jakunkuna bakwai ne.

Da jirgin ya tsaya, Baba Direba ya ce su shiga su zauna, ya san yadda zai yi da kayan. Ba su yi musu ba. Ya riƙa ɗaukar bibbiyu, yana kutsawa tsakanin mutane, yana cusa manyan a ma'ajiyar bakin ƙofa, ƙananan a saman kujeru. 'Yar shuɗiyar jakar maganin Madam ya sa ta a sama, bayan jar jaka, inda ba za ta faɗo ba. Ya ga kujerarsa da idonsa, ta arba'in da ɗaya, mai laushi, da ɗan farin ƙyalle a wurin jingina kai. Har ya shafa ta da ya wuce. Sai ya bi jakunkunan yana dafawa: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida.

Shekara ashirin da bakwai ko hankici bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Ya diro ƙasa, ya duba inda suka tsaya, ya leƙa bayan benci, babu komai. Ya juyo, sai ga shi daidai tagarsu. Su huɗun sun zauna a teburinsu, Likita yana warware mayafi, Madam tana gyara zama, ga ta bakwai nan, jakar goyon Auta, a kan cinyar Auta. Ajiyar zuciya ta ƙwace masa. Kaya sun cika.

Aka busa usur.

Wallahi da za a sa shi ya rantse, ba zai iya cewa ya yi tunanin komai ba. Kaya sun cika, iyalin Likita suna bayan gilashi, tafiya ta tashi. Ƙafafunsa suka ja da baya taku uku. Hannun hagu ya cire hula. Hannun dama ya tashi sama.

Madam ce ta fara ganinsa. Ta kaɗa masa 'yan yatsu biyu. Lauya ta ɗago daga waya ta yi murmushi. Auta ya sara masa. Likita ya gyaɗa kai. Ƙofofi suka rufe a hankali, jirgin ya zame ba ƙara, tarago na shida ya wuce, na bakwai, na takwas. Hannun bai sauka ba sai da jar fitilar bayan jirgin ta shige kwana. A lokacin ne sanyi ya taɓa masa tsakar kai, ya dubi hular da ke hannunsa, ya gane abin da ya yi.

Kunya ce ta fara kama shi. Ya waiga ko wani ya gani, amma dandamalin ya watse, sai wata mata mai shara da tattabaru biyu. Ya zagi kansa, tsohon banza, an ba ka kujera ka tsaya kana ɗaga hannu. Ya zaro waya zai kira Lauya. Yatsansa yana kan lambarta sai ya tsaya cak, don wani abu ya taso masa daga ciki wanda ya fi kunyar ɗaci. Nasa kuskuren mai sauƙi ne, jiki ne ya yi abin da ya saba. Su fa? Mutum huɗu, duk masu ilimi, idonsu biyu, suka dube shi a tsaye a waje, a ƙasar da bai san kowa ba, da jan mayafin da suka saya masa a wuya, babu ɗayansu da ya ga wani abu ya kauce daga wurinsa.

Ya zauna a benci, ya ɗora wayar kan gwiwa, ya sa wa agogon tasha ido. Ba zai kira ba. Yana so ya ga minti nawa ne.

Minti biyar, ya ce suna gyara zama. Minti goma, ya ce ƙila jirgin ya shiga ramin dutse, babu sabis. Minti ashirin, ya tuna mai duba tikiti, ya ce yanzu asiri zai tonu, sai kuma ya tuna cewa huɗu ne a wayar Lauya, huɗu ne a tebur, lissafi ya yi daidai. Wani ma'aikacin tasha ya zo ya yi masa magana, ya nuna masa allon jirage da ya koma baƙi, ya haɗa hannuwa alamar an tashi. Baba Direba ya gyaɗa kai. Daga minti talatin ya daina yi musu uzuri. Yatsun ƙafarsa sun mutu, fitilun Kirsimeti sun fara haske a kan rufin tashar, ana ta sakin wata waƙa mai ƙararrawa a lasifika, ita ɗaya, tana ƙarewa tana komawa farko.

A minti na hamsin da biyu wayar ta yi ƙara. Madam ce.

"Baba Direba, ina ka sa mini 'yar jakar magani?"

"Tana sama, ranki ya daɗe. Bayan jar jaka."

Ya ji motsi, ya ji muryar Auta, ya ji ƙarar cokali a kofi.

"Yawwa, ga ta. Allah ya yi albarka. Ka koma gida lafiya?"

Tambayar da take yi masa ke nan duk shekara in sun zauna a ɗakin jiran jirgi. Ya bar ta da maganarta a kunne, yana jin ƙafafun jirgin suna bugawa a can. Can sai ya ji numfashinta ya ɗauke, ta ambaci Allah, ta kira sunan mijinta da wata irin murya. Aka yi ta magana a tare. Lauya tana cewa ita ta ɗauka yana banɗaki, Auta yana rantsuwa cewa shi ya zaci wasa Baba yake yi. Duk ƙarya ce, kuma ba don su cuce shi suke yinta ba, shi ya sa ta fi zafi.

Likita ya karɓi wayar. Ya fara da dariya, irin wadda yake yi wa marar lafiya kafin ya gaya masa sakamakon gwaji. Ya ce kai Baba, kai Baba, wannan labari ai har jikoki sai sun ji shi. Ya ce abin takaici babu wani jirgi sai bayan hutu, hanyar mota kuma ƙanƙara ta rufe ta. Amma kada ya damu ko kaɗan, yanzu Lauya za ta kira otal ɗin da suka kwana jiya, a ba shi ɗaki mai kyau, ya ci abin da yake so, ya miƙe ƙafa. In an duba ma, in ji Likita, shi ne zai fi kowa hutawa.

"Makullin mota yana wurinka, ko?"

"Yana wurina."

"Madalla, ka ga abin ya zo da sauƙi. Ranar Alhamis ƙarfe huɗu jirginmu zai iso. Sai ka zo ka ɗauke mu."

Baba Direba yana da magana. Shekara ashirin da bakwai take taruwa, ga ta nan a maƙogwaronsa, ga tikiti a aljihun ƙirji da sunansa a jiki. Ya buɗe baki. Sai ya tarar idonsa ya riga ya tsallake shingen tasha, yana kan wani gurbi kusa da ƙofar fita, inda in ya zo da wuri ya kama shi Madam ba za ta yi doguwar tafiya cikin sanyi ba. Tun Likita bai rufe baki ba ya zaɓi gurbin. Ya ji haushin kansa fiye da yadda ya taɓa jin haushin wani mahaluki.

"To, ranka ya daɗe," in ji shi.

Ya mayar da hula, ya fita filin motoci. Ƙanƙara ta fara sauka a kan gilashin gaba. Yana share ta da hannun kwat ɗin da aka yi wa shafi, wayar ta sake motsi. Saƙon murya ne daga Uwar Yara, kuma babu tsokana a cikinsa ko kaɗan. Ta ce maƙwabta sun taru a ɗakinta, har da yaran, suna jiran hoton. Ta ce in ya riga ya yi barci kada ya tashi saboda ita, ya turo in ya farka.